Tawadar da Yaya Rabi Ta Gani a Aljihuna

Wata Alhamis bayan ƙaramar sallah, a shekarar 1993, ina tsaye a saman benenmu na unguwar Sa'alaba a Jidda ina kallon Baba yana ƙona littattafai a cikin rabin duro. Takwas ne: bakwai na labari, na takwas ɗin kuma littafin rubutu ne mai shuɗin bango. Rana ta take, siminti yana ƙona tafin ƙafa, hayaƙi yana tashi ta tsakanin igiyoyin shanya. Yaya Rabi tana zaune a jikin tankin ruwa. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma kalli wutar ba, ni take kallo. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, ita goma sha huɗu. Ni na sauka da gudu na ɗauko wa Baba ashana.

Gidanmu tsohon bene ne mai hawa biyu, iyali biyar a ciki, duk Hausawa. Mu a Jidda aka haife mu, kakanmu ne ya zo hajji ta Sudan ya zauna. Baba direban wani sito ne a Mahjar, Umma kuma tana wanki da guga a wani gidan Larabawa a Sharafiyya. Aikina da safe sayo burodin tamis da ful, wato dafaffen wake, idan tankar ruwa ta zo kuma in ja tiyo in hau da shi sama. In na gama sai ƙwallo a filin bayan masallaci, ko tseren taya, ko mu bi bayan kantuna muna tsintar kwali. A saman benen akwai ɗan ɗakin katako, nan Malam Iro yake. Mutumin Nijar ne, ya zo umara bai koma ba, yana gyaran takalma. Da muka fara wayo an koya mana doka guda: ba a tambayar mutumin gida yaushe ya zo, ba a kuma rubuta sunan kowa. Kaka takan ce, "Takarda ba ta da amana, duk wanda ya ɗauke ta sai ta gaya masa."

Littattafan nan Umma ce ta kawo su. 'Yar gidan da take aiki ta yi aure, aka fitar da kwalin tarkacenta za a zubar. Labarai ne da aka mayar Larabci, duk a kan wata yarinya ta birnin Landan a zamanin wata sarauniya da ta daɗe kan mulki, zamanin keken doki da fitilun kan titi da ake bi ana kunnawa da doguwar sanda. A jikin bangon an zana ta da doguwar riga da malafa, tana duba ƙasa da wani gilashi mai mariƙi. In an sace sarƙa ko wani ya ɓata, manya su rasa kan abin, ita sai ta dubi tokar murhu, ko laka a ƙafar wando, ta gano gaskiya. Bayan la'asar Yaya Rabi takan hau sama ta karanta, tana juyawa Hausa saboda Kaka da Malam Iro. Shi yana ɗinki, zare a baki, yana sauraro. In yarinyar ta kama ɓarawo sai ya ajiye basilla ya ce, "Wannan 'yar da a garinmu take, da alƙali ya koma noma." Akwai maganar yarinyar da Yaya Rabi ta haddace, ta dame mu da ita: "Abin da aka ɓoye ma yana barin sawu." Ba a jima ba ta sayi littafin rubutu, ta shiga bincike. Ita ta gano magen da ke shanye wa Kaka madara, ita ta gano inda mabuɗin tanki ya faɗa. Kowa dariya yake mata, ba wanda ya san abin da take rubutawa.

Laifina ya fara ne a filin ƙwallo. Wani yaro ya ce mini Takruni, sunan gorin da ake yi wa irinmu 'yan Afirka, ya ce ubana ba shi da takarda, ranar da motar jawazat, jami'an shige da fice, ta shigo lungu za a kwashe mu kamar awaki. Na rantse masa Baba yana da iƙama, takardar izinin zama, ya ce in nuna. Ran Juma'a Baba ya dawo masallaci ya kwanta, na hau kujera na ɗauko ta daga saman kabad. Ɗan ƙaramin littafi ne a lokacin, da hotonsa da hatimi. Na nuna wa yara, na yi ta cika baki, na jefa ta aljihun gaba na shiga wasa. Wajen tare ƙwallo na faɗa cikin taɓon da tankar ruwa ta bari. Da na ciro ta, tawada ta zube, hoton Baba ya ɓamɓare, shafuka sun manne. Na sa ta a gwangwanin madara, na tura bayan tanki, na cusa rigar a kwandon wanki.

Washegari gidan ya rikice. Ba iƙama, Baba ba zai fita da mota ba. Kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a takarda, ya yi masa faɗa kamar yaro, ya ce sai an yi cigiya, a bi ofis-ofis. Kwana da kwanaki Baba yana zaune a gida, in ya ji ƙarar mota a lungu sai ya miƙe. Daga nan raɗe-raɗi suka fara. An san akwai masu sayen iƙama su canza hoto, aka fara kallon ɗakin katako. Wa ke buƙatar takarda a gidan nan fiye da Malam Iro? Wa ke yini a gida in kowa ya fita? Ba wanda ya faɗa masa a fuska, amma aka daina kai masa tuwo, mata suka riƙa kwashe shanya in ya fito. Ina gani, ina cin abincina.

Kwana na shida Yaya Rabi ta kira ni bayan tanki. Rigata ce a hannunta, ta juyo cikin aljihun. Tabon tawada ne, mai kusurwa huɗu, daidai girman iƙama. Da ƙafa ta taɓa gwangwanin madarar. Ta ce, "Sabi'u, ba zan faɗa ba. Kai za ka faɗa. Na ba ka zuwa Alhamis mai zuwa, in Baba ya sha shayi ka same shi. Zan tsaya kusa da kai." Haka yarinyar littafin take yi wa mai laifi in ta ga ba mugu ba ne, takan bar masa ƙofa ya fito da kansa. Na ce to.

Amma tsoron bulala ya fi ƙarfin kunyata. Na jefar da gwangwanin a bolar bakin titi, na wanke aljihun da ruwan bilic, sannan na zaro littafinta mai shuɗin bango daga ƙarƙashin katifa. Ranar Alhamis, Baba yana shan shayi da maƙwabta biyu, na ajiye shi a gabansu. Na ce Yaya tana rubuta sunan mutanen gida, ban san wa za ta ba. Baba ya buɗe. Ga sunaye nan a jere, wa ya fita da wane lokaci, wa ya shigo, wa ke da takarda, wa ba shi da ita. Shafi guda na Malam Iro ne, don ta zauna da shi ta yi masa tambayoyi, tana son ta wanke shi. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya miƙe tsaye, matarsa ma ba ta da takarda. Baba ya kira Yaya Rabi ya ce, "Wa ya koya miki wannan, ya binti?" Na riga ta amsawa, na ce littattafan Turawan nan ne. Ta dube ni. Ta riga ta ce ba za ta faɗa ba. Baba ya ce, "Halas, shi ke nan," muka hau sama.

Malam Iro ya tsaya a ƙofar ɗakinsa har wutar ta mutu. Kwana biyu bayan haka ya ɗaure kayan aikinsa a buhu ya bar gidan, ya ce ba zai zauna inda ake ƙirga cokali in ya wuce ba. Ya koma kwana a gindin wata gada, can kame ya rutsa da shi, aka mayar da shi gida. Baba ya sami sabuwar iƙama bayan wata biyu, ya rasu shekara tara bayan nan yana ganin Malam Iro ne ya cuce shi. Yaya Rabi ta ci gaba da wanke mini kaya, tana zuba mini abinci, amma ba ta ƙara karanta wa kowa labari ba.

A 2010, ina da 'ya'ya biyu, na ga irin littattafan a wani kantin tsofaffin littattafai a Sharafiyya. Na sayi uku, na kai mata gidanta a Mahjar, na durƙusa na faɗi abin da ta riga ta sani. Ta shafa bangon, ta miƙa wa babbar 'yarta. Ta ce, "Ni na yafe tun ranar, Sabi'u. Yaro ne kai, ni ma yarinya ce, ban san takarda tana kisa ba. Amma ba ni ce na kwana a gindin gada ba." Na ce zan neme shi ko ina yake, na roƙe ta ta faɗa mini garinsu da sunan mahaifinsa. Ta ce ta manta, a shafin nan da aka ƙona ta rubuta su.

Yanzu an rushe benen. Iƙama ta zama ɗan kati, sunan kowa yana cikin na'ura, 'ya'yana sun fi jin Hausa a kan su yi ta. In la'asar ta yi nakan tuna muryar Yaya Rabi tana kawo mana titunan Landan saman siminti mai zafi, da dariyar wani mutum mai zare a baki. Na tambayi alhazan Nijar ba adadi, kowa sai ya ce, "Iro na wane gari?" A duk gidan nan wuri ɗaya aka taɓa rubuta cikakken sunansa, ni kuma na ɗauko ashana.