Malam Nemo-Wata

Mu muka raɗa masa sunan a aji uku, ajin da ni da boko muka yi hannun riga. Ka kuskura ka rubuta "ya tafi" sau biyu a shafi ɗaya, sai ya zagaye na biyun da jan biro, ya leƙo ka ta saman tabarau.

"Nemo wata! Mutum yana ficewa, yana sulalewa, yana arcewa. Kai naka kullum tafiya kawai yake yi?"

Washegari na rubuta masa cewa kakata ta arce asibiti. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ba ni biyu bisa goma.

Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki. Ashe jan biron ba a makaranta yake kwana ba. Da ɗansa tilo ya tafi karatu nesa, yakan aiko da wasiƙa. Malam sai ya zagaye duk kalmar da aka maimaita, ya jera wasu uku a gefe, ya mayar masa da abarsa cikin ambulan. Shi a ganinsa gata ne. Daga ta huɗu wasiƙa ta ƙafe. Uwar yaron ce ke haɗa su a waya, ita kuma ta rasu bara waccan.

Yanzu ya yi ritaya, yana zaune a ɗaki ɗaya bayan shagona na gyaran waya. Kujerunsa biyu: shi a kan ɗaya, ƙamus a kan ɗayar. A taga akwai gwangwanin madara cike da busassun alƙaluman biro.

Ran nan da hantsi ya shigo shagon, ya miƙo mini wayarsa.

"Kai, sarkin arcewa. An ce jikana ya fara tafiya. Rubuta wa ubansa saƙo."

Ya gyara murya kamar zai ba da shifta. "Ɗana, ina kewarka. Ɗakin ya yi mini faɗi. Ina kewarka. In da hali, kawo yaron in gan shi. Ina kewarka."

Ni kuwa bakina ba ya da birki. "Malam, sau uku fa! Nemo wata. Ga bege, ga marmari, ga ɗoki."

"Na san su, ja'iri. Tun da safe nake jera su." Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "In na sa su, zai ɗauka darasi ne kuma. Tura haka."

Na tura. Ya zauna a bencina, ya ƙi shayi, ya ƙi hira. Sai da rana ta karkata wayar ta yi ƙara. Na karanta masa: "Na gani, Baba. Na gani. Sai ƙarshen wata."

Hannunsa ya kai aljihun da biron yake. Ya tsaya a nan, ya sauko.

"Sake karanta mini."

Da ya koma ɗaki, ta taga na hango shi yana sauke ƙamus daga kujera. Yau sha tara ga wata. Kullum sai ya goge ta.