Ƙahon da Ya Kalli Ƙasa

A shekarar 2018 aikin kwashe kaya nake yi a Dubai. Mutum zai tashi daga gida ya koma wani, mu zo da mota mu naɗe masa komai, daga firji har cokali, mu kai, mu jera. Shekaruna hamsin ba ɗaya a lokacin, bayana ya riga ya fara ciwo. A unguwar Abu Hail nake kwana, mu takwas a ɗaki, ni a gadon ƙasa saboda gwiwa. Bizata ta kamfani ce. Idan an gama aiki akwai takardar da mai kaya yake sa wa hannu, a ƙasanta akwai fili inda ake rubuta ɓarna. An taɓa rubuta ni sau ɗaya a kan wani madubi. Manaja ya ce in aka ƙara, khalas, wato shi ke nan, in haɗa jakata. Ni kuma ba abin da zan koma in yi a gida da waɗannan shekarun.

Ranar da nake magana a cikin Agusta ne. Ragowar kaya aka tura mu kwasowa, don an ɗebe manyan tun jiya. Ni da direbanmu ne, wani mutumin Kumasi, ɗan Zango, sa'ana, mai baki ba birki. Ya iya Turanci, nawa kuwa bai wuce na gaisuwa ba. Tun da ya ji ubana mafarauci ne ya daina kirana da sunana, sai Maharbi.

Mai kayan wani Bature ne ɗan Amurka, tsoho, dogo, injiniya. Zai bar babban gida ya koma fulat a wani dogon bene. Abu ɗaya ne ya naɗe da kansa a cikin bargo, ya ɗaure da igiya. Ya miƙo mini da hannu biyu yana cewa shwaiya shwaiya, wato a hankali da Larabci. Abin ba shi da nauyi kamar yadda girmansa ya nuna, wasu tsinaye na tokare bargon ta ciki. Na ajiye shi a lungun mota, na tura injin wanki kusa da shi. Bature ya ba mu makulli ya ce zai je ofis, zai same mu da la'asar.

A lokacin zafi ba a aiki a waje da tsakar rana. Muka tsaya a unguwar Karama, muka ci shinkafa, muka yi azahar, muka miƙe a inuwar masallaci. Motar tana rana. Da muka isa benen na buɗe bayanta, zafi ya bugo ni kamar an buɗe gidan burodi. Sai na ga injin wankin ya zame, ya jingina a kan bargon nan.

Muka hau da kayan hawa na talatin da wani abu. Mai gadi ya kira direba ya sauka ya gyara tsayuwar mota, aka bar ni ni kaɗai. Na kwance igiyar.

Kan dabba ne, da wuyanta da fatarta, an manna shi a jikin katako. Ta yi kama da barewa amma ta fi mariya girma, launin toka, da farin baki. Kunnuwan ne suka fara ɗaure mini kai, manya, a buɗe, kamar na alfadari. Idanun na gilashi ne, amma duk garin da ake hangowa ta taga yana cikinsu, benaye da teku da wani jirgin ruwa ƙanƙani yana tafiya. Na daɗe a tsugune. Ƙahonnin ba irin namu ba ne. Na gada, na gwanki, na kanki, duk na san su, ƙaho ɗaya ne a kowane gefe. Wannan kuwa rassa yake da su kamar bishiyar da ta zubar da ganye. Na hagu ya tashi sama, ya rabu biyu, kowanne ya sake rabuwa biyu, tsaf. Na dama ya murɗe, kuma reshe ɗaya ya sauko ƙasa ta gefen kunne, da ƙulli a bakinsa kamar kan gora.

Na ce shi ke nan, na kashe kaina. Zafin mota ya tausasa shi, injin wanki ya danne shi, ya lanƙwashe.

Ba hauka ne ya sa na yi wannan tunanin ba. A ƙauyenmu, a ƙasar Ningi, na tashi ina ganin ubana yana sarrafa ƙaho. Ya dafa shi a tukunya, ya shafa masa mai, ya kara shi a wuta, sai ka ga ya yi laushi kamar danƙo. Ya miƙar da na zuba albarushi, ya gyara wa wanzamai nasu. Ina jin warin har yau, kamar gashi ya ƙone. Don haka na san abu ɗaya: abin da zafi ya lanƙwasa, zafi zai miƙar.

Na ciro butar lantarki daga kwalin kicin, na tafasa ruwa. Na ɗauki farin tawul na jiƙa, na naɗe reshen. Na sami man zaitun a kwalin, na shafa. Na sake tafasawa, na sake naɗewa, ina murzawa da ƙarfi, ina dannawa sama. Tururi ya rufe gilashin taga, garin ya ɓace. Na ji kamar ina zauren gidanmu da hantsi, karnuka na kwance a bakin ƙofa, tsoho na tari yana juya tukunya. Har na fara jin daɗin aikin. Shekara biyu hannuna bai taɓa abin da ya sani ba sai kwali da salatif.

Reshen bai motsa ba ko kaɗan. Da na zare tawul ɗin sai na ga ya koma ruwan ƙasa, reshen kuma ya yi fari fat kamar ƙashin miya.

A nan direba ya shigo. Ya dubi buta, ya dubi tawul, ya dube ni.

Ya ce, "Maharbi, miya kake yi? Ka sa gishiri?"

Na ce, "Injin wanki ne ya lanƙwasa shi. Gyarawa nake."

"Gyarawa! La ila. Massa, an ce ka kawo wa mutum kayansa, ka zo kana yi masa wanka. Dama da Baturen ka wanke, da ya fi sauƙi."

"Ka bar wasa. Ka san maganar takarda."

Ya daina dariya, don ya sani. Ya zagaya kan dabbar sau biyu, sannan ya ce, "Ji nan, tsoho. Mu rufe da bargo mu jingina a bango. Ya sa hannu, yalla, mu sauka. In ya buɗe gobe, wa ya san wanda ya yi? Jiya mutum shida suka shiga gidansa."

Na yarda, ba zan ɓoye ba. Da hannuna na mayar da bargon, na cusa tawul a ƙasan kwali.

Bature ya zo bayan la'asar, a gajiye. Ya leƙa ɗakuna, ya taɓa firji, ya gyaɗa kai. Direba ya miƙa masa takarda, Bature ya zaro biro. Kada in yi wa kaina ado, ba tsoron Allah kaɗai ne ya sa na canja shawara ba. Na tuna ni ya miƙa wa abin hannu da hannu, fuskata ya gani, kuma in ya kira ofis gobe ba wanda zai tsaya mini. Na je na yaye bargon.

Bai yi ihu ba. Ya ajiye biron, ya durƙusa da ƙyar, ya ɗora yatsa a kan farin reshen. Kunnuwansa suka yi ja. Ya yi magana a hankali.

Direba ya ce, "Yana tambaya, me ya kai ka?"

Na ce, "Gaya masa komai. Har injin wankin. Ka ce na so in miƙar masa da shi ya koma kamar ɗan'uwansa."

Da aka fassara, Bature ya ɗago ya dube ni kamar bai ji daidai ba. Ya sake tambaya, aka sake gaya masa. Sai ya zauna daɓas a ƙasa cikin kwalaye, ya rufe fuska da tafin hannu. Ban san ko dariya yake ko wani abu ba, har yau ban sani ba. Sannan ya ciro waya, ya yi ta nema, ya miƙo mini.

Hoton dabbar ne da ranta, a gefen wani dutse, ƙasa ta yi fari da dusar ƙanƙara. Ga kunnuwan. Ga reshen yana kallon ƙasa.

Direba ya ce, "Ka gani, likita? Haka Allah ya yi shi. Saboda wannan karkataccen ne ma ya rataye shi. Ya ce masu miƙaƙƙen ƙaho sun cika dutsen."

Bature ya ci gaba da magana, direba na juyawa yana ƙara nasa. Ya ce wannan ba ƙaho ba ne irin na saniya, ƙashi ne, ko shekara za ka dafa shi ba zai lanƙwasu ba. Launin ma ba nasa ba ne, na bishiyoyin da dabbar ta yi ta gogawa ne, ɓawo da ƙaro da ƙasar wurin. Wato abin da na goge a tawul, dajin ne. Ya ce kuma duk shekara, a ƙarshen sanyi, ƙahonnin suna faɗuwa da kansu, wasu su tsiro.

Na ce, "Wannan kam ƙarya ce. Ko kai ka ƙara?"

Direba ya ce, "Wallahi shi ya faɗa. Ni ina ruwana da ƙaho, a Kumasi ko akuya ban taɓa kiwo ba."

Bature ya gane gardama nake. Ya tashi ya buɗe wani kwali da mu muka hawo da shi, ya ciro ƙahonni biyu, duka na dama, duka da reshe mai saukowa, ɗaya ya fi ɗaya girma. Ya ce tsintar su ya yi, shekara biyu a jere, a kwari ɗaya, bayan ƙanƙara ta narke. Bai taɓa ganin mai su ba sai sawunsa, kuma sawun ya nuna yana ɗingisa ƙafar baya ta hagu. Ya ce haka abin yake a wurinsu, in dabba ta ji ciwo a ƙafar baya, ƙahon ɗaya gefen ne yake fitowa a murɗe. A shekara ta uku ya gan shi da sassafe, yana tsaye shi kaɗai, hucin hancinsa na tashi kamar hayaƙi. Ya ce ya daɗe yana kallo kafin ya harba.

Na riƙe ƙahon da ya tsinta. Sanyi gare shi. Ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a talabijin, amma ina tsaye a ɗakin nan na ga kwarin, na ga sawu uku masu zurfi da ɗaya mai ja. Sawu dai sawu ne, ko a yashi ko a me.

Na ce wa direba, "Gaya masa ubana ba ya harbin dabba mai murɗaɗɗen ƙaho. Yana cewa tana da masu ita."

Ya ce, "Kai, Maharbi, ka ɓata wa mutum kaya, yanzu kuma wa'azi za ka yi masa?"

"Gaya masa dai."

Ya gaya masa. Bature ya tambaya, to me tsohon yake yi in ya haɗu da irinta? Na ce sallama yake yi mata, ya sauke bindiga, ya canja hanya. Bature ya dubi kan dabbar. Ya ce wani abu gajere, direba ya ce, "Wai shi bai da wanda zai gaya masa haka a lokacin."

Sai ya ɗauki takardar. Na ga biron ya sauka a filin ɓarna, ya yi rubutu layi uku. Bai ba mu ko ruwa ba, bai miƙo hannu ba, ya buɗe mana ƙofa kawai.

A cikin lif direba ya karanta mini. Ya rubuta cewa ma'aikaci ya goge launin reshe ɗaya na ƙaho, cewa ma'aikacin ne ya nuna masa da kansa, kuma ba ya neman komai daga kamfani, ba ya so a kori kowa.

Manaja ya karanta washegari, ya yi ta faɗa da Turanci da Larabci da wani yaren nasu. Ya ce bai taɓa jin wanda ya dafa kayan kwastoma ba. Bai kore ni ba. Ya cire ni daga shiga gidajen mutane, ya mayar da ni sito, inda ba abin da zan taɓa sai kwalayen da aka riga aka rufe. A nan na yi sauran shekaruna uku.

Aikin sito shiru gare shi. Da rana in an kashe injin ɗaga kaya, sai ƙarar fanka kawai. Ina zama a kan katako in jingina bayana. Akwai wata magana da Baturen ya yi muna tattara igiyoyi, direba ya juya mini ita a mota. Ya ce ranar da ƙahonnin suka faɗi, dabbar takan yi ta girgiza kai tana tangaɗi, don ba ta saba da rashin nauyin ba. Ita nake gani in na lumshe ido: wani ƙaton namiji da kunnen alfadari, kansa fayau, yana hawa farin dutse a hankali, yana tsayawa yana girgiza kai.