Gaisuwar da Usta Bashir Ya Koya Mini

Shekara biyar ke nan da rasuwar Usta Bashir. Makaniki ne a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum, maƙwabcina a Omdurman. Ciwo ɗaya ya kayar da mu, shanyewar ɓarin jiki. Ya riga ni faɗuwa, ya riga ni tashi.

Da aka sallame ni daga asibiti, iyalina suka kwantar da ni kan angarib, gadon igiya, a inuwar tsakar gida. Haka muke yi wa babba. Ko buta ba a bari ya ɗauka. A ga uba yana jan ƙafa a titi, kunyar 'ya'yansa ce. Likita ya ce in riƙa tafiya, ƙauna ta hana. Ƙafar ta fara motsi, amma numfashi ya gudu. Daga gado zuwa makewayi sai in yi haki kamar na ɗauko buhun dawa.

Usta ya shigo da sandarsa, ya ce duk ƙafa muke kallo, mun manta ƙirji.

"Abakar, na sha buɗe injin motar da aka ajiye don ana sonta. Tsatsa ce a ciki. Tashi."

Ba shi da na'urar awo. Gaisuwa ce ma'auninsa. Kun san tamu ba ta ƙarewa: gida, yara, jiki, a juya da Larabci a sake daga farko. Ya ce in gaida duk wanda muka tarar ina tafe, ban da tsayawa. In numfashi ya yanke kafin in tambayi yara, in rage sauri. In na gama da sauran iska, in ƙara. 'Yan unguwa, da suka saba a tsaya a dafa kafaɗa, suka ce ciwo ya cinye mana ladabi. Usta ya ce su biyo mu in suna son amsa.

Bai ga yaƙi ba. Ni na gani. Ranar da muka bar gida babu mota, babu mai. Na san masu irin ciwonmu da aka rasa yadda za a ɗauke su daga gado. Ni da ƙafata na wuce Kasuwar Libiya da ke yammacin Omdurman, matata tana baya da ƙunshi. Duk wanda muka haɗu da shi na gaida shi, don in ji abin da ya rage a ƙirjina. Bai ƙare ba. Har yau abin yana ba ni mamaki: ƙirjin da makewayi ya gagara, shi ya fitar da ni daga gari.

Da zai ga garejinsa yau, ba ƙofa ba rufi, ban san me zai ce ba. Na dai san zai tambayi wa aka bari a kwance.

Mun dawo. Usta yana maƙabartar bayan unguwarmu, Allah ya jiƙansa. Duk Juma'a da ƙafa nake zuwa. Tun daga bakin ƙofar maƙabartar nake fara yi masa sallama, ina tafe, kuma ina isa kabarinsa da sauran numfashi.