Magen da Ta Ci Hular Baba

Ni na kawo ta gidan da hannuna, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai har yau. Ɓeraye ne suka dame mu a ɗakin hatsi a gidanmu na Kabo, sai na roƙi wata 'yar'uwata a Madadi ta ba ni 'yar mage. A kwali na ɗauko ta, fara mai baƙin tabo a hanci, tana wani siririn kuka kamar ta Allah. Madara na riƙa zuba mata a murfin kwano. Ɓera kuwa, in ta taɓa kama ko guda ɗaya a rayuwarta, to ni ban gani ba.

Abin da ta iya shi ne tauna. Ba yunwa ba ce, don tuwo da miya take ci kamar 'yar gida. Wayar cajin maigidana uku ta gutsure. Ta cinye igiyar takalmina na zuwa biki, ƙafa ɗaya kawai, don dai ta bar ni da ɗayar ina kallo. Ta huda gidan sauro, ta tauna bakin tabarma. In ta gama ɓarnarta sai ta koma gefe tana lasar hannu, ko a jikinta. Na sha ɗaukar muciya, maigida ya tare ni, don shi ne gatanta.

"Kul!" in ji shi. "Wanda ya daki mage, hannunsa rawa yake yi."

Ban san gaskiyar maganar ba, amma ni da hannuna nake ci. Ɗinkin hula nake yi tun ina budurwa, kuma mai rawar hannu ba ta zura allura. Sai in ajiye muciyar in bi ta da zagi.

Shekara goma sha biyu ina ɗinka huluna dillalai suna kwasa, ban taɓa ɗinka wa mahaifina ko ɗaya ba. Ban ma lura ba. Baba manomi ne a Gwarzo, wata tsohuwar hular kanti yake sawa, wadda ta koɗe har ba a gane launinta. Wata rana na je gaishe su da ɗinkina a hannu, ya karɓa ya jujjuya, ya yi murmushi ya ce, "Kin rufe kawunan mutanen Kano kaf, saura na ubanki." Da wasa ya faɗa, amma wallahi sai da na kasa cin abinci a ranar. A gaban Inna, mahaifiyata, na yi masa alkawari cewa da hular hannuna zai je idin ƙaramar Salla.

Tun kafin azumi na fara. Na zaɓi zare ruwan ƙasa da ja mai duhu, na zana fure mai wuya, irin wanda ba na yi wa dillalai saboda cin lokaci. Ran goma ga azumi saura kaɗan in haɗa kan da jikin. Da la'asar na ajiye ta a faifai na tashi dama kunun buɗa-baki. Ban yi minti ashirin ba. Da na dawo na tarar da tsinanniyar a kwance, ta rungume hular da hannu biyu, tana ja da haƙori, zare ya naɗe mata gashin baki. Ta yi rami a tsakiyar furen wanda yatsu uku za su shige.

Innalillahi! Da azumi a bakina na yi zagin da sai da na yi istigfari daga baya. Irin wannan ramin ba ya gyaruwa, ko an cike shi ido zai gani. Aikin mako biyar ya tafi, Salla saura kwana ashirin. Na zauna a tsakar gida na yi kuka, ita kuma ta haye katanga tana hamma.

Washegari na jefa ta a buhu na ɗaure baki. Na ba wani mai babur maƙwabcinmu da zai je Dugabau, na ce ya sake ta a bayan gari, can inda ko karnuka ba su san ta ba. Kwana uku na yi ina ɗinkin sabuwar hular Baba cikin kwanciyar hankali. A rana ta huɗu da hantsi na ɗaga kai, ga ta a bakin randa tana shan ruwa, ta rame kaɗan, ƙafafu duk ƙaya. Maigida har da tafa hannu, wai baiwar Allah ta san gidansu. Ya ce in na sake fitar da ita ni da shi ne.

To, ba duka, ba kora. Amma na rantse sai bakin nan da ya ci hular Baba ya ɗanɗana kuɗarsa. Na bari maigida ya fita kasuwa, na daka busasshen barkono da attaruhu, na jiƙa, na tace da tsumma. Ruwan ya fito ja wur, tururinsa kaɗai sai da ya sa ni atishawa. Na tsoma zaren sabuwar hular gaba ɗaya a ciki, na shanya a rana. Da yake launukan masu duhu ne, babu abin da ya nuna. Lissafina shi ne in ta kuskura ta sa haƙori, ta yi ihun da za a ji a maƙwabta, hular kuma ta tsira. Barkonon bai dame ni ba, domin kowace sabuwar hula sai ta je wurin mai wankin hula. Shi zai wanke ta tas, ya sa mata sitaci, ya ɗora ta a kan gunduwar itace mai siffar kai ta bushe ta miƙe, sannan a sa.

Mai ɗinki takan lashi bakin zare kafin ta zura a allura. Da ba azumi ba ne, da harshena ya gaya mini irin abin da na haɗa tun ranar farko. Amma ina azumi, ba na kai zare baki, sai dai in tsoma yatsa a ruwa in murza. Yatsuna kam sun yi ta zafi, in na yi alwala fuskata ta ɗauka. Maimakon in ji tsoro, daɗi nake ji. Ina ɗinki ina cewa a raina, in yatsa ya ji haka, ina ga harshen 'yar banza.

Na riƙa ajiye mata ragowar zaren a hanya, in laɓe a bayan labule ina leƙe. Ta zo ta sunsuna, ta yi atishawa sau biyu, ta kalli wajen labulen kamar ta san ina nan, ta wuce abinta. A ranar ta tauna hannun jakar maigida. Kai, na ji haushi! Na ce ƙila haɗin bai yi ƙarfi ba ne. Na sake daka wani, wannan karon har jikin hular na yayyafa wa, ciki da waje, na bar ta a faifai a inda aka ci ta farkon. Ko kallo ba ta ishe ta ba. Sau uku ina ƙarawa, sau uku tana tsallake faifan da wutsiya a sama.

Ran jajibiri bayan azahar na sa allurar ƙarshe. Wuyana ya sage, idona yana ganin biyu-biyu, amma hular ta yi kyau, ta ma fi wadda aka cinye. Na naɗe ta a leda na ba maigida ya kai wa mai wanki, na ce ya roƙe shi don girman Allah ya yi mana a yau. Sai gab da magariba ya dawo yana fara'a. Wai mai wanki ya rufe karɓa tun shekaranjiya, huluna sun yi masa tsibi. Shi kuma da ya ga haka, sai ya wuce Gwarzo kai tsaye ya damƙa wa Baba a hannu.

"Kin ga murnar da ya yi kuwa?" ya ce. "Cewa ya yi ba sai an wanke ba, haka zai sa ta."

Maigida bai san komai game da barkonon ba, na ɓoye masa don na san bayan wa zai bi. Na ɗauki waya zan kira Inna, na ajiye. Na sake ɗauka. Me zan ce? In ce Baba kada ya sa hular da ya jira shekara goma sha biyu, don na yi faɗa da mage? Na lallashi kaina cewa ai ta bushe, barkonon da ya sha rana ba shi da sauran ƙarfi. Kunya ce da girman kai suka hana ni, babu wani dalili bayan wannan. Magen tana kwance a kan buhun gero tana kallona, na ce mata, "Duk ke kika ja, Allah ya isa."

Sallar a tsakiyar bazara ta faɗo. Tun da hantsi rana ta buɗe, mutum yana zaune gumi yana bin bayansa. Bayan an sauko daga idi muka hau babur zuwa Gwarzo gaisuwa, ina ta addu'a a hanya. Inna ce ta tare ni a tsakar gida, ko barka da Salla ba mu gama ba ta ja ni gefe.

"Babanki ba lafiya," ta ce a hankali. "Tun a filin idi idonsa yake zubar da ruwa. Waɗanda suka zauna kusa da shi sun ɗauka huɗuba ce ta taɓa shi. Da ƙyar ya gane hanyar gida, sai da aka riƙo hannunsa. Na ce ya cire hular ya sha iska, ya ƙi, wai sai kin zo kin gan ta a kansa."

Yana zaune a zaure a kan buzu, cikin farar rigarsa, hular ta zauna masa daram. Idanunsa sun kumbura sun yi jajir, hawaye yana bin gemunsa, yana ta ƙifce-ƙifce yana neman inda nake. Na durƙusa a gabansa. Na miƙa hannu na cire hular da kaina, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Goshinsa ya yi ja, ya tashi, zobe guda tun daga kunne har kunne, daidai inda bakin hular ya zauna.

Nan na faɗa masa komai, da magen, da buhun, da barkonon, da wayar da na ɗauka na ajiye. Inna ta saki salati ta ruga ɗebo ruwa da man shanu. Baba ya juyo wajena.

"Tun raka'ar farko na gane daga hular ne," ya ce.

"To Baba, me ya sa ba ka cire ba?"

Ya goge ido da hannun riga. "Duk wanda muka gaisa da shi sai na ce masa 'yata ce ta ɗinka mini. Sahu guda na gaya wa. In cire a gabansu, su ce me ta yi wa ubanta?"

Ya lalubo hular a cinyata, ya shafa furen da babban yatsa, ya miƙa wa Inna ya ce ta wanke a hankali kada zaren ya tashi, don ranar Juma'a da ita zai je masallaci.