Yatsun Tsakar Ihsan

Tun jiya nake ta wanke hannuna na dama. Na wanke shi da sabulu, na sake wankewa, har lemon tsami na matse a kai, amma ina jin sanyin cikinta a tafina kamar yanzu na ajiye ta. Jiya na ɗauki tsaka da hannuna. Ni Hajara, jikar Kaka Asabe.

Wanda bai san Kaka ba ba zai gane nauyin wannan maganar ba. Mahaifinmu direba ne a wata ma'aikata, kuma lokacin da gwamnati ta kwaso kayanta daga Legas ta dawo Abuja, shi ma ya biyo ta. Cikin birni babu wurin irinmu, sai ya kama gida a Karshi, ya aika Zariya aka kawo masa mahaifiyarsa. Kaka ba ta taɓa yafe wa garin ba. Takan ce, "An ɗauko gwamnati an kawo ta daji, tsaka ta fi ma'aikata yawa." Kuma ba ƙarya ta yi ba. Silin ɗakinmu na kwali ne, ya huhhuje, da zarar an kunna fitila sai ka gan su manne a bango, farare fat, har kana hango abin da ke cikin cikinsu.

Bayan isha'i Kaka ke hura wuta a tsakar gida, wai risho ba ya ɗumama ƙashi. Mu zagaye ta, ni da Yaya Rabi da 'ya'yan makwabta, hayaƙi na shiga mana ido, tana gasa mana rogo a gefen murhu. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda ake buɗewa. Sai ta ɗaga kai ta ce, "Kowa ya rufe kwanonsa?" Mu ce, "Mun rufe, Kaka." Ta ce, "To, buɗe kunnuwa." In kuwa ta hango kwano a buɗe, ranar babu tatsuniya, sai faɗa. A wurinta tsaka ce ke kawo kuturta, in ta lasa maka abinci ko ta faɗa ciki ka gama. Yayyena maza har gasa suke yi da silifa, wa zai kashe ta bugu ɗaya ya kwashi lada.

Akwai wata tatsuniya da take yawan maimaitawa. Wata tsohuwa ce mai gyambo a hannu, ta zo wucewa za ta rafi, ta ga wata yarinya zaune a zaure. Ta sauke ƙwaryar nononta ta ce, "'Yar nan, ga ajiya. Ga faifai, ki rufe mini, yanzu zan dawo." Ta ajiye faifan a ƙasa ta tafi. Yarinya ta dubi faifan, ta tuna hannun da ya riƙe shi, zuciyarta ta tashi. Ta tura shi gefe da ɗan yatsan ƙafa, ta koma nesa tana toshe hanci. Nono ya zauna a buɗe. Can tsaka ta sulluɓo daga azara ta faɗa ciki tsundum, ta yi iyo, ta fita. Yarinya ba ta ma gani ba, don ta juya wa ƙwaryar baya. Sai ga ƙanenta ya dawo daga gona, ƙishi kamar ya kashe shi, ya ga nono ya kafa kai. Kafin damina ta zagayo, yatsunsa sun fara zubewa.

Nan Kaka takan lanƙwashe nata yatsun ɗaya bayan ɗaya a hasken wuta, mu kuma muna ƙanƙame juna. Sai ta tambaya, "To wa ya ci yatsun yaron nan?" Mu haɗa baki, "Tsaka!" Ita dai ta ce, "Uhm," ta tofar da yawu cikin wuta, ta ce, "Tatsuniya ta shige toka, kowa ya tashi." Ban taɓa jin ta ce mun faɗa daidai ba. A lokacin ban lura ba.

Da na gama sakandare na dawo cikin gari wurin Yaya Rabi. Tana da 'ya ɗaya, Ihsan, mai ciwon sikila. Yarinya ce da ba a bari ta yi guje-guje ko wasan ruwa, mage kuma tana sa ta atishawa. Sai babanta ya dawo wata rana da akwatin gilas, ciki da wata halitta rawaya mai ɗigo-ɗigon baƙi, wutsiyarta ƙatuwa kamar an hura. Na leƙa, na yi ihu har maigadi ya shigo da sanda.

"Anti, ba irin ta bango ba ce," in ji Ihsan tana dariya. "Ko bango ba ta iya hawa. Duba, tana ƙifta ido. Sunanta Damisa."

Na ce, "Ko sunanta Hajiya, tsaka ce."

Ihsan ke yi mata komai. Ta ba ta gyare masu rai da tsutsa, ta kwashe kashinta, kullum da safe kuma ta jiƙa wani ɗan ƙyalle ta shimfiɗa cikin ɗan kogon roba da Damisa ke shiga. Ni ko ɗakin ba na sharewa sai na ɗaure hanci da mayafi. Ranar da na gan ta tana saɓa, tana yagar tsohuwar fatarta da baki tana haɗiyewa, ban ci abinci ba har dare.

Sai ciwon Ihsan ya tashi, aka kwantar da ita asibiti, iyayenta suka tare can. Ana fita da ita, tana murƙususu a kafaɗar babanta, ta kama mayafina ta ce, "Anti, Damisa. Ki riƙa jiƙa mata ƙyallen, ta kusa saɓa." Na ce to.

Abinci dai na ba ta. In ɗaga murfi kaɗan, in watsa gyaren daga sama, in rufe da sauri, in ruga banɗaki in wanke hannu. Amma ƙyallen sai an zura hannu har ƙasa, kusa da bakinta. Kullum sai in ce gobe. Ɗakin kuma ga na'urar sanyi tana ta busar da iska. Duk sanda Ihsan ta karɓi wayar uwarta, da muryarta da ta shige ciki, tambayar ɗaya ce: "Anti, tana lafiya?" In ce, "Lafiya lau, ke dai ki sha magani."

Jiya da safe na ga gyaren shekaranjiya suna yawo, ba ta taɓa su ba. Na daure na matsa. Ta yi saɓar, amma tsohuwar fatar ta bushe ta maƙale a yatsunta, ta ɗaure su tamau kamar zare. Ɗaya ya yi baƙi ƙirin. Tana jan ƙafar, sai na ga baƙin yatsan ya rage a kan yashi, ita ta wuce.

Na zauna a ƙasa. Hannun Kaka na gani, tana lanƙwashe yatsu a hasken wuta.

Na kira mutumin da ya sayar da ita, lambarsa na manne jikin akwatin. Ya ce da 'yar Hausarsa ta koyo, "Kai, Anti, ba a sa masa ruwa ba ko? Sa shi cikin ruwa mai ɗumi kaɗan, ka cire fatar da auduga a hankali. Kar ka kama wutsiya, zai yar da shi. In ka bari, sauran yatsu duk za su tafi." Na ce ba zai zo ya yi ba? Ya ce yana Abaji, sai jibi.

Na yi bismillah, na zura hannu. Laushinta ne ya fi tayar mini da zuciya, na zaci za ta yi kaushi. Cikinta sanyi, yana motsi a tafina, ƙananan faratanta na sosa mini fata. Na sa ta a ruwan, ina kuka ina goga audugar, fatar na fita silili-silili kamar bawon albasa. Ta ɗago ta dube ni, ta fito da harshe ta lashi bakinta. Na gama da yatsa na ƙarshe, na jiƙa ƙyallen, na mayar da ita, sannan na ruga na yi amai.

Ba zan ce na fara son ta ba. Ƙyamarta nake ji, yau ma da na zura hannu sai da na kau da kai. Kuma daren jiya sai da na bi kowane kwano a kicin na rufe, har tukunyar da babu komai ciki. Na sani tun a aji cewa ba tsaka ke kawo kuturta ba, amma jikina bai yi wannan karatun ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne "uhm" ɗin Kaka. Shekara da shekaru muna ɗora wa tsaka laifi, ita kuwa faɗowa kawai ta yi. Faifan yana nan a ƙasa, kusa da ƙafar yarinyar da aka ba ajiya. Kaka ta rasu ban tambaye ta ba, ban san ko abin da take jira mu faɗa ke nan ba.

Ɗazu Ihsan ta kira, an ce gobe za a sallame ta. Ta ce, "Anti, tana lafiya?" Na ce, "Ta ci gyare da safe. Amma yatsanta ɗaya ya cire."

Ta ce, "Me ya cire shi?"

Na dubi hannuna. Ban ce tsautsayi ba, na gaya mata ban jiƙa ƙyallen ba.