Malam Alwatika da Takardar Tela

Shekara talatin da ɗaya Malam Alwatika ya yi yana koyar da lissafin kalkulas a kwalejin horar da malamai, bai taɓa yarda da amsar da ta zo masa babu sawu ba. Dogo ne siriri, alli ya cinye masa fatar yatsu. Matarsa takan ce ko gishiri ta ce ta sa a miya, sai ya nemi ta nuna aiki.

A aji ya samo laƙabin. Idan saiwa irin √(9 − x²) ta tare hanya a cikin lissafin da ake kira intigiral, yakan ce a ara wa x rigar 3 sin θ, sai saiwar ta narke kamar ƙanƙara a tafin hannu. Amma rigar aro ce, dole a mayar. Hanyar komawa ga x kuwa ita ce a zana alwatika a gefen takarda, a karanto tsawon gefunanta. "Wanda ya iso bai zana ba," in ji shi, "goyo shi aka yi."

Wata Laraba da hantsi, yana makin jarrabawa, ya ci karo da takardar wata ɗaliba, tela ce mai 'ya'ya uku, tana shekarar ƙarshe. Amsa daidai, gefen takarda fari fat. Ya ɗaga ta a hasken taga, ko alamar gogewa babu. Ya jawo fom ɗin satar amsa, wanda idan ya sa masa hannu korarta za a yi, sannan ya aika a kira ta.

"Baiwar Allah, wa ya zauna kusa da ke?"

"Bango, Malam. Shi ma bai iya ba."

Bai yi dariya ba. Ya rubuta sabuwar tambaya mai √(x² + 4), ya tura mata, ya kafa mata ido kamar mage a bakin rami.

Ta sa x ya zama 2 tan θ, biro na gudu. Da ta zo wurin komawa, sai hannunta ya nufi wuyanta.

"Tsaya! Me za ki ciro?"

"Tef ɗin awona ne, Baba Malam."

Ya karɓa, ya bi shi ciki da baya, inci bayan inci, yana neman rubutu. Lambobi kawai ya gani, da dattin hannu. Ya mayar mata.

Ta shimfiɗa tef ɗin a kan tebur, ta lanƙwasa shi sau biyu, ta danne kusurwoyin da yatsu. Sai ga siffar alwatika ta fito a tsakanin tulin takardu. "Nan biyu, nan x, doguwar kuma saiwar," ta ce, ta rubuta amsa.

"Me ya hana ki zanawa?"

"Wadda ta koya mini ɗinki takan buge mini hannu idan na ɓata yadi da alli. Har yau hannun tsoro yake ji."

Ya daɗe yana duban tef ɗin, yana laluben inda dabarar ta ɓuya, bai samu ba. Ya mayar da fom ɗin cikin durowa babu sa hannu, ya jawo takardarta ya rubuta maki sha takwas cikin ashirin.

Ta mayar da tef ɗin wuyanta, ta leƙa makin. "Ina sauran biyun, Malam?"

"Na zane ne. Suna wuyanki."