Rigar Ruwan Baba da Dutsen Guga

Matso nan ka ji, don wannan ban taɓa gaya ma ko mijina ba. Damanar da na shiga aji huɗu ce, washegarin kasuwar Bafarawa, rana ta fito bayan ruwan kwana biyu, gero ya kai gwiwa, tsakar gidanmu duk sawun kaji cikin laka. Baba ɗan kabu-kabu ne. Ya dawo ran kasuwar da rigar ruwansa, wata mai ruwan ɗorawa da ya sayo Maraɗi, ta sha caɓi har wuya, ya jefa ta kan turmi ya tafi gona.

Wannan riga ita ce damanarsa, don in sama ta haɗo sauran 'yan mashin fakewa suke yi, shi ko ya ci gaba da jigila. Ni kaɗai ya koya ma wankinta. "Ruwan sanyi da tsumma, ki rataye ta inuwa. Ba ta son rana, ba ta son wuta."

A gidan akwai Balki, ɗiyar ƙanwar Baba, wadda anka kawo daga Kamarawa bayan rasuwar uwarta, wai a gani ko za ta zauna. Ta girme ni da shekara biyu, kuma hannunta na da kyau. Ita ka surfe, ita ka ɗebo ruwa, wankinta har maƙwabta na yabo. Ni ko abin na ci mini rai.

Ran nan sai na tarar ta ɗora ruwan zafi, tana dirzar rigar da soso da sabulun salo kamar zanen tsohuwa, ta shanya ta kan darni cikin tsakar rana. Na tsaya ina kallo. Da rigar ta bushe ta yamutse, ta dube ni ta ce, "Hassu, ko in goge ma Kawu ita?" Na ce ta goge mana, zai ji daɗi. Ni na zubo mata garwashi cikin dutsen guga, har da hurawa.

Ɗorawa ɗaya, bayan rigar ya narke ya bi dutsen, ya bar rami. Wari ya cika gida.

Baba bai buge ta ba, da ma ya buga. Ya ce, "Mi kinka yi ma wagga riga?" Da la'asar hadari ya haɗo, ya sa ta saka rigar ta tsaya tsakar gida, wai ta ji abin da zai ji a hanya. Ruwa na shiga ta ramin yana bin bayanta, yaran unguwa sunka hau darni suna kiran ta "Mai taga", mu kuma muna zaure muna dariya. Tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Ta kalle ni sau ɗaya, ba ta tona ni ba. Kafin a yanke gero anka maida ta Kamarawa, wurin kakar da ko gani ba ta yi sosai.

Yanzu rigunan ruwa birjik suke kowace kasuwa, ɗana in tashi ta yage sai ya yar ya sayi wata, ko waiwaye babu. Balki na aure can wajen Isa, jikokinta uku. Duk biki muna haɗuwa, ita ka fara ba ni hannu. Kullum sai in ce za ni gaya mata, sai in tambaye ta gajiya.

Kai da ka ji, da wane baki za ni fara?